Hunturu a Bukuru: Yadda ake ɗumama ɗaki mai sanyi ba tare da jefa rai cikin haɗari ba

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, dare a Bukuru yakan zo da ɗarin da ba a saba ji ba a yawancin garuruwan Najeriya. Yanayi kan sauka zuwa digiri 11 a ma'aunin Salshiyos, a wasu darare ma ƙasa da 10, alhali ɗakuna da yawa a garin na bulo ne da rufin kwano, ba a gina su da tanadin sanyi ba. Abin da mutane kan yi shi ne su rufe ƙofa da taga, su shigo da kaskon gawayi. Kowanne daga cikin matakan nan biyu yana da amfaninsa, amma haɗa su a lokaci guda yana iya hallaka duk wanda ke kwance a ɗakin.

Dalilin sanyin garin

Bukuru, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, tana kimanin kilomita 15 kudu da Jos, a bisa tudun da ya haura mita 1,200 daga doron teku. Kano ba ta kai mita 500 ba. Da yake zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, tudun Jos ya fi garuruwan da ke kewaye da shi sanyi a kowane lokaci na shekara.

A lokacin hunturu busasshiyar iska kan taso daga Sahara ta arewa maso gabas. Idan babu gajimare kuma babu laima a cikin iska, zafin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere zuwa sama da zarar rana ta faɗi. Shi ya sa sanyi ya fi tsananta da asuba, ba da tsakar dare ba.

Ta inda ɗumi ke fita daga ɗaki

Ginin gargajiya na Berom da na Hausawan da haƙar kuza ta kawo tudun tun farkon ƙarni na 20 ya fi jure hunturu. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana, ta riƙa sakinsa a hankali cikin dare, jinka kuma tana riƙe iska a tsakanin ciyawa. Ɗakin bulo da kwano ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Iska mai ɗumi sama take yi, don haka a ɗakin da ba shi da silin takan tarar da kwano mai sanyi ta huce nan take. Tagogi masu jerin gilasai ba sa rufuwa ruf, ƙasan ƙofa da tsakanin bango da rufi kuma suna barin jaura ta shigo. Daɓen siminti yana zuƙe ɗumin duk abin da ya taɓa shi, har da ƙafa da katifa. Muddin waɗannan kafofi suna nan, duk wutar da aka kunna waje take ɗumamawa.

A fara da tsare ɗumin da ake da shi

Mataki mafi arha shi ne hana ɗumi fita. A fara da tagogin da ke fuskantar arewa da gabas, domin ta nan iskar ke bugowa. A lulluɓe su da leda mai kauri ko kwali, a rataya labule mai nauyi ko tsohon bargo da zai sauka ƙasa da bakin tagar. A naɗe tsumma a tare ƙasan ƙofa.

A ƙasa, a shimfiɗa kwali sannan a ɗora tabarma ko darduma. Katifar da ke kan siminti a ɗaga ta a kan gado ko katako, a kuma janye ta daga bangon da ke fuskantar waje. Inda hali ya yi, sanya silin, ko da na falanki ne, shi ne gyaran da ya fi kawo canji, kuma yana rage zafi a lokacin bazara.

Rana ma tana taimakawa. A watannin Disamba da Janairu takan karkata ta kudu, saboda haka a buɗe labulen tagogin kudu da hantsi, a rufe komai kafin magariba. Iyalin da ke da ɗakuna da dama za su fi samun sauƙi idan suka tattara ƙoƙarinsu a ƙaramin ɗaki guda, domin jikin babban mutum da ke hutawa yana fitar da ɗumin da ya kai kimanin wat 100.

Ɗumama jiki ya fi ɗumama ɗaki sauƙi

Riguna marasa kauri biyu ko uku da aka ɗora bisa juna sun fi riga guda mai kauri, saboda iskar da ke maƙale a tsakaninsu ita ce ke tare sanyi. Hula da safa suna da muhimmanci, haka kuma bargon da aka shimfiɗa a ƙarƙashin jiki, ba wanda aka rufa kaɗai ba. Ana samun irin waɗannan kaya a wurin 'yan gwanjo, kamar a kasuwar Katako da ke Jos.

Gorar ruwan zafi mai murfi ƙaƙƙarfa, wadda aka naɗe da tawul, takan ɗumama shimfiɗa na tsawon sa'o'i. Kada a zuba tafasasshen ruwa, kuma kada a ajiye ta a jikin jariri ko mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai. Kunu, shayi ko abinci mai ɗumi kafin kwanciya suna ƙara wa jiki ƙarfi. Barasa kuwa tana buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji kamar ya yi ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi.

Gawayi, kananzir da gas

Duk abin da ke ci da wuta yana cinye iskar oksijin. Idan iskar ta yi ƙaranci, gawayi kan fitar da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi da ninki sama da 200. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba, don haka rashin ganin hayaƙi ba shaidar aminci ba ce.

Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓi ne ko gajiya, mai barci kuma yana iya wucewa ba tare da ya farka ba. Idan mutanen ɗaki guda suka ji ciwon kai a lokaci ɗaya, suka kuma samu sauƙi da suka fita waje, to a zargi iskar ɗakin.

Mafi aminci shi ne a ji ɗumin gawayi a tsakar gida ko a rumfa. Idan larura ta sa aka shigo da kasko, taga ta kasance a buɗe, babba yana zaune a kusa, a kuma fitar da shi gaba ɗaya kafin kowa ya kwanta. Ɗakin da aka toshe kafofinsa ya fi kowanne haɗari a wannan hali, kuma wanda ya kwana da garwashi a cikinsa ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Rishon kananzir da murhun gas na girki ne, ba na ɗumama ɗaki ba. Janareta kuwa a ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Hitar lantarki

Hita ba ta fitar da wannan guba, amma tana cin wuta sosai. Mai ƙarfin wat 2,000 da ta yi aiki na sa'o'i 5 takan cinye yunit 10 a mita. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba a wayar ƙari ba, domin siririyar waya tana iya yin zafi ta narke. A bar tazarar mita 1 tsakaninta da labule, gidan sauro da katifar soso, kuma kada a shanya tufafi a kanta. A kashe ta kafin barci, haka ma idan aka ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita cikin dare babu wanda ke lura.

Waɗanda sanyi ya fi yi wa illa

A ƙa'idojin gidaje da lafiya da ta fitar a 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna digiri 18 a matsayin ɗumin da ya dace da cikin gida a lokacin sanyi. Jarirai, tsofaffi, masu asma, masu hawan jini da masu amosanin jini sun fi buƙatar kulawa, domin sanyi yana tayar da ciwonsu.

Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Hanya mafi inganci ita ce a kwantar da shi a ƙirjin mahaifiyarsa, fata da fata, a sa masa hula a lulluɓe su tare, a guji yi masa wanka da asuba. Ɗakin maijego shi ne na farko da ya kamata a nisanta da garwashi. Yara masu rarrafe da masu farfaɗiya kuma kada a bar su su kaɗai kusa da wuta.

Idan haɗari ya auku

Wanda ake zaton ya shaƙi gubar gawayi, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko da ya farfaɗo, domin yana buƙatar oksijin. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja. Ƙuna kuwa, a zuba mata ruwan sanyi mai tsabta na minti 20, ba tare da shafa man goge baki, ƙwai ko mai ba. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen yanayi da gargaɗin hazo a kai a kai. Bibiyarsu yana ba magidanta damar toshe tagogi da tanadar barguna tun kafin muku-mukun Disamba ya sauka.