Maroko a Gasar Waƙa ta Eurovision, 1980: Tarihin Shiga da Fita

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda ƙasar Maroko ta shiga gasar waƙa ta Eurovision cikin shekarar 1980, da dalilan da suka sa ta shiga a wannan shekara tak. Abin ya cancanci nazari, domin kuwa tun da aka fara gasar a 1956 har zuwa 2025, Maroko ce kaɗai ƙasar Afirka da ta taɓa tsayar da mawaƙi a cikinta. Za mu duba hanyar da ta ba ta damar shiga, da siyasar da ta buɗe mata ƙofa, da abin da ya auku a daren gasar, sa'an nan mu auna abin da ya biyo baya.

2.0 Yadda ƙasar Afirka ta sami shiga gasar Turawa

Mai sauraro na iya tambaya, me ya haɗa Maroko da gasar da sunanta ma na Turai ne? Amsar tana cikin tsarin masu gasar. Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai, wadda aka kafa a 1950, ita ce ta ƙirƙiro gasar, aka yi ta farko a birnin Lugano na ƙasar Suwizalan a 1956, ƙasashe 7 suka fafata. Gidajen talabijin ne suke shiga da sunan ƙasashensu, kuma sharaɗin shiga shi ne gidan ya kasance cikakken ɗan ƙungiya.

To, iyakar da ƙungiyar take bi wajen karɓar 'ya'yanta ta zarce iyakar nahiyar Turai. Tana bin wani yanki ne da hukumar sadarwa ta duniya ta shata domin rabon zangunan watsa shirye-shirye, wanda ta kudu ya kai layin digiri 30 arewa da tsakiyar duniya. Wannan layi ya haɗo da Maroko, da Aljeriya, da Tunisiya, da Libiya, da Masar, haka kuma yankin ya ɗauko Isra'ila da Labanon da Jodan. Ƙasashen da ke kudu da Sahara, irin su Nijeriya da Nijar, suna bayan layin. Ke nan, gidan Rediyo da Talabijin na Maroko yana da haƙƙin shiga tun kafin 1980. Abin tambaya shi ne, me ya hana shi amfani da wannan haƙƙi sai a wannan shekara?

3.0 Batun Isra'ila

Isra'ila ta fara shiga gasar a 1973. Daga nan al'amarin ya zama mai wuya ga ƙasashen Larabawa, domin dokar gasar ta wajabta wa kowane gidan talabijin da ya shiga ya nuna waƙoƙin dukan ƙasashe kai tsaye, ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Alal misali, Tunisiya ta ba da sunanta a 1977, har an yi ƙuri'ar jerin fitowa da ita, daga baya ta janye. A 1978, sa'ad da aka yi gasar a Faris, gidan talabijin na Jodan ya nuna wa jama'arsa gasar amma ya yanke waƙar Isra'ila, da ya ga alamar ita za ta ci sai ya katse shirin. A 1979 kuwa, da gasar ta koma birnin Ƙudus, Turkiyya ta riga ta zaɓi waƙarta, amma matsin ƙasashen Larabawa ya sa ta fasa zuwa.

Isra'ila ta ci gasar sau biyu a jere, 1978 da 1979. Bisa al'ada, wanda ya ci shi ne mai masaukin baɗi, amma gidan talabijin nata ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin kuɗin shiryawa shekara biyu a jere ba. Holan ta karɓi aikin, aka sa ranar 19 ga Afrilu, 1980, a birnin Heg. Ranar ta dace da ranar da Isra'ila take tunawa da sojojinta da suka mutu a yaƙi, saboda haka ta janye ɗungum. Wannan giɓi shi ne ƙofar da Maroko ta bi. Ya kamata a tuna cewa a lokacin raunin yarjejeniyar sulhu ta Masar da Isra'ila ta watan Maris 1979 bai warke ba a tsakanin Larabawa, kuma Sarki Hassan na Biyu shi ne shugaban Kwamitin Ƙudus na ƙasashen Musulmi. Da wuya ƙwarai gidan talabijin na gwamnatinsa ya nuna tutar Isra'ila da waƙarta a irin wannan hali.

4.0 Zaɓen mawaƙiya da daren gasar

Wasu ƙasashe sukan shirya gasar cikin gida a talabijin don fid da gwani. Maroko ba ta bi wannan hanya ba. Gidan talabijin ne da kansa ya zaɓi Samira Bensa'id, haifaffiyar Rabat, wadda jama'a suka san muryarta tun tana yarinya ta hanyar shirin Mawahib na masu tasowa. Waƙar da aka ba ta sunanta Biɗaƙat Hubb, watau katin ƙauna, jigonta kuwa kira ne ga zaman lafiya da 'yan'uwantaka tsakanin al'ummu. A wancan zamani doka ta tilasta wa kowace ƙasa ta yi waƙa da harshenta, saboda haka aka rera ta da Larabci, ita ce kuma waƙar Larabci ta farko a tarihin gasar.

Ƙasashe 19 ne suka fafata, Maroko ta fito ta biyar. Kowace ƙasa tana da alƙalanta, waɗanda suke raba maki ga waƙoƙi 10 da suka fi so, mafi girma maki 12. Da aka gama ƙidaya Maroko ta tashi da maki 7, dukansu daga Italiya, ta zo ta 18. Finlan ce kaɗai a bayanta da maki 6. Johnny Logan na ƙasar Ailan ya ci gasar da maki 143. Akwai abin lura guda: alƙalan Maroko sun ba da makinsu 12 ga Turkiyya, wadda waƙarta ita ma take ɗauke da kiɗan gabas, kuma wannan ya fi rabin abin da Turkiyya ta samu a daren. Watau waƙoƙi biyun da suka kauce wa salon da kunnen alƙalan Turai ya saba da shi duk a ƙasan jeri suka ƙare.

5.0 Abin da ya biyo baya

An fi jingina ficewar Maroko ga wannan mummunan sakamako. Lalle akwai zafin kaye, amma shi kaɗai bai isa hujja ba, domin ƙasashe da dama sun zo na ƙarshe sun kuma dawo. Abin da ya fi ƙarfi shi ne, a 1981 Isra'ila ta komo gasar, sai ƙofar ta sake rufewa. Labarin Labanon ya ƙarfafa wannan fahimta. A 2005 ta zaɓi mawaƙiyarta da waƙarta, amma ta janye saboda dokar ƙasar ta hana gidan talabijin nata nuna waƙar Isra'ila. Ko da Maroko ta daidaita hulɗa da Isra'ila a watan Disamba 2020, har zuwa 2025 ba ta koma ba.

Har wa yau, ana iya karanta shigar ta 1980 a cikin dogon ƙoƙarin Maroko na kusantar Turai. A 1984 ta fice daga Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka saboda rikicin Yammacin Sahara, sai a 2017 ta koma. A 1987 ta nemi shiga Tarayyar Tattalin Arzikin Turai, aka ƙi ta bisa hujjar cewa ba ƙasar Turai ba ce.

Ita kuwa Samira, kayen bai rage ta da komai ba. Ta zauna a Alƙahira, ta shahara da sunan Samira Sa'id, ta zama cikin manyan mawaƙan Larabawa. Daɗin daɗawa, Loreen, wadda ta ci wa Suwidin gasar sau biyu, a 2012 da 2023, iyayenta 'yan asalin Maroko ne.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan takarda ta nuna cewa abubuwa uku ne suka yi tasiri a kan shigar Maroko: iyakar da aka shata domin aikin watsa shirye-shirye, wadda ta ba ta haƙƙi, rashin Isra'ila a 1980, wanda ya ba ta dama, da kuma alƙalancin da ya bar ta da maki 7. Masu gasar sukan ce babu siyasa a cikinta. Tarihin wannan shekara guda ya nuna cewa siyasa ce ta yanke wa zai hau dandamali tun kafin a saurari waƙa ko ɗaya.