Daga Ruwan Toka Zuwa Na'urar da Ba Ta Cin Gishiri: Tarihin Fama da Ruwa Mai Nauyi

Idan ka tsaya wurin mai shayi a Magamar Jibiya kafin ka haye zuwa Ɗan Isa, ka leƙa cikin tsohuwar butarsa, wataƙila za ka ga wani farin ɓawo ya daskare a gindinta. Wannan ɓawon shi ne sa hannun ruwa mai nauyi. Shi ne kuma yake toshe kan famfo, yake kashe hita, yake hana sabulu kumfa. A 'yan shekarun nan, da rijiyoyin burtsatse suka yawaita a gidajen masu hali, an fara tallata na'urorin da aka ce suna gyara irin wannan ruwa ba tare da gishiri ba. Kafin mutum ya kashe kuɗinsa, yana da kyau ya san inda maganar ta samo asali.

Nauyin ruwa yana zuwa ne daga sinadaran kalsiyum da magnesiyum, waɗanda ruwa yake narkarwa daga duwatsun da yake ratsawa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa rijiyoyi biyu a gari ɗaya kan bambanta. A kewayen Sakkwato, inda dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ya shimfiɗu, lamarin sananne ne. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, ruwan da ya haura miligiram 120 na waɗannan sinadarai a kowace lita ya shiga sahun mai nauyi, wanda ya haura 180 kuwa nauyinsa ya tsananta. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauki nauyin ruwa a matsayin barazana ga lafiyar mai sha ba. Ɓarnarsa a kan kayan gida take, da kuma aljihu.

Iyayenmu mata ba su san kalmar kalsiyum ba, amma sun san maganinsa. Idan wake ya ƙi dahuwa, sai a jefa masa kanwa. Idan kanwa ta yi wuya, sai a ƙona karan gero, a tace tokar, a sami ruwan toka. Abin da yake faruwa a tukunyar shi ne, kanwa da ruwan toka duka suna ɗauke da sinadarin kabonet, wanda yake kama kalsiyum ya mai da shi gari ya kwanta, ya kuma taimaka wajen tausasa ƙwayar waken. Bambancinsu ɗaya ne mai muhimmanci: kanwa tana tafe da sodiyum, ɗan'uwan gishirin miya, ruwan toka kuwa mafi yawansa fotasiyum ne. Kanwar kanta fataucinta tsohon abu ne. Daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi ayari ya riƙa kawo ta kasuwannin Kano da Katsina, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri a wannan yanki.

A Turai, masana'antu ne suka tilasta neman mafita, domin ɓawon yana lalata tukwanen injin tururi. A 1841, Thomas Clark, malamin kimiyya a Aberdeen, ya yi rajistar dabarar zuba farar ƙasa da aka ƙona a cikin ruwa domin kalsiyum ya kwanta. A 1905, Robert Gans na Jamus ya haɗa wani irin tsakuwa mai karɓar kalsiyum ta saki sodiyum a madadinsa. A 1935 kuma, Adams da Holmes a Ingila suka samar da ƙwayoyin roba masu yin wannan aiki. Daga nan aka haifi na'urar gida da ta mamaye Amurka. Idan ƙwayoyin suka ƙoshi da kalsiyum, sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri, a zubar da ruwan wankin a magudana.

Nan matsalar ta ɓullo. Gishirin da aka zubar ba ya ɓacewa. Yana bin magudana zuwa kogi, daga kogi zuwa gona. A kwarin Santa Clarita na jihar Kalifoniya, an hana kafa sababbin na'urorin gishiri a 2003, sannan a 2008 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar a cire tsofaffin ma, saboda gonakin da ke ƙasan kogin. Irin wannan matsin lamba ne ya buɗe kasuwa ga na'urorin da ba sa cin gishiri.

Mafi ingancinsu, wadda ake taƙaita sunanta da TAC, ba ta cire komai daga cikin ruwa. Ruwan yana ratsa wasu ƙananan ƙwayoyi ne, a jikinsu kalsiyum yake dunƙulewa ya zama ƙanƙanan lu'ulu'u da ido ba ya gani, su wuce da ruwan maimakon su manne a bututu. Ɓawo yana raguwa ƙwarai, amma idan ka auna ruwan, nauyinsa yana nan. Akwai kuma masu maganaɗisu da ake ɗaurawa a jikin bututu, waɗanda gwaje-gwaje ba su yi ittifaƙi kan amfaninsu ba.

Ga mutumin Jibiya, dalilin guje wa gishiri ba baƙo ba ne. Kogin Gada, wanda aka datse da madatsar ruwan Jibiya, shi ne yake haye iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, kafin ya sake dawowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Yana cikin kogunan da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar ta tanadi a raba amfaninsu bisa adalci. Abin da aka zubar a nan, mai lambu a can ne zai sha shi. Ƙari a kan haka, a yawancin gidajenmu ruwan wanki ba ya zuwa ko'ina sai ramin bayan gida, taku kaɗan daga rijiyar da ake sha.

Sai dai darasi mafi ɗaci yana gaba kaɗan da Maraɗi, a Tibiri, garin Sarkin Gobir. Daga tsakiyar shekarun 1980, mutanen garin suka riƙa shan ruwan rijiyoyin burtsatse, garau a ido, ba wari ba ɗaci. Sai wajen shekara ta 2000 duniya ta ji cewa ruwan yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Kafin nan haƙoran yara masu yawa sun rine, ƙafafun ɗaruruwa sun lanƙwashe. Babu wata na'urar hana ɓawo da za ta cece su, domin ba aikinta ba ne. Haka nan ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ba ta kuma cire zartsi.

Saboda haka tsarin a bayyane yake. Wanda ya haƙa rijiya ya fara kai ruwanta ɗakin gwaji, a auna nauyi da fuloraid da ƙwayoyin cuta. Idan nauyi ne kawai, kuma damuwarsa hita da famfo, na'urar da ba ta cin gishiri za ta iya wadatar da shi, ta kuma kare rijiyar maƙwabci. Idan wani abu ne daban, to maganinsa ma daban ne. Matar da ta jefa kanwa a tukunyar wake ta san abin da take magani. Bai kamata mu da muka yi boko mu sayi magani kafin mu san cutar ba.