Yaushe ne Linux ke miƙa ɗanyen bayani ga manhajoji?

A cikin kowace kwamfuta akwai wani sashe na babbar manhaja da ake kira kanel, wanda ke tsaye tsakanin na'urori da sauran manhajoji. Ta hannunsa ne manhaja ke samun labarin faifai, ko batir, ko allo.

Tambayar da masu rubuta kanel suka daɗe suna muhawara a kai ita ce: shin ya kamata ya bayar da bayani a rubuce yadda mutum zai iya karantawa, ko kuwa ɗanye, wato jerin sifiri da ɗaya kamar yadda yake a cikin na'ura?

Ƙa'idar Linux

Linux, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a ƙasar Finland a shekarar 1991, ya fi karkata ga rubutu. A fitowarsa ta 2.6 a shekarar 2003 ya zo da wani tsari mai suna sysfs, wanda ƙa'idarsa ita ce kowane fayil ya ƙunshi bayani guda, kuma a rubuce. Alal misali, akwai fayil ɗin da adadin cajin batir kaɗai ke cikinsa.

Dalili kuwa shi ne, yadda kanel ke jera bayanansa na ciki kan sauya daga fitowa zuwa fitowa, ya kuma bambanta daga wata kwamfuta zuwa wata. Da zarar manhajoji sun dogara da wannan jeri, to hannun masu gyara ya ɗauru, domin Mista Torvalds ya tsaya kai da fata cewa kada gyaran kanel ya lalata manhajar da ke aiki.

Inda aka yi sassauci

Sai dai ana amincewa da ɗanyen bayani idan ba kanel ne ya tsara shi ba. Allon kwamfuta, alal misali, na bayyana sunansa da girmansa a cikin wani bayani mai suna EDID, wanda tushensa bayit 128 ne, bisa ma'aunin da masana'antu suka amince da shi. A nan kanel ɗan aike ne kawai: yana miƙa saƙon ba ƙari ba ragi, manhaja ta fassara.

Haɗarin da ke ciki

Ɗanyen bayani na iya ƙunsar sirri. Fayil ɗin /dev/mem ya kasance ƙofa ta shiga ƙwaƙwalwar kwamfuta baki ɗaya, inda kalmomin sirri ke iya kasancewa. A shekarar 2008 aka samar da hanyar taƙaita shi, sannan a 2019 fitowa ta 5.4 ta zo da tsarin kulle da ke iya hana hatta mai kula da kwamfutar shiga wurin.

Haka kuma a 2016, wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sun ƙi tashi kwata-kwata, bayan da masu su suka goge fayilolin da ke ɗauke da bayanan tayar da na'ura. Daga bisani an sa wa akasarin waɗannan fayiloli kariya, ta yadda ba sa goguwa sai an cire ta da gangan.