TARIHIN CIKI DA ƘAFA A GAMBORU: DAGA KANWA ZUWA RUWAN GISHIRI DA SUKARI

Duk lokacin da aka zauna za a ba da tarihin zuwanmu Barno, sai a yi ta lissafin sarauta da kasuwanci da auratayya, a bar abin da ya kai kakanninmu ga tsufa, wato me suka ci, me suka sha, kuma wace cuta ce ta fi kwasar 'ya'yansu. To mu da muke kwana muna tashi cikin kayan miya a Gamboru, wannan tarihi namu ne, don kuwa abin da muka kasa da safe shi ne ke shiga cikin mutanen Maiduguri da rana.

A shekarar 1907 ne Shehu Garbai ya tare a Yerwa, bayan Rabe ya rushe Kukawa a 1893. Amma tun kafin a san za a yi gari a nan, fatakenmu suna bin hanyar Barno. Abin da ya fi jawo su shi ne kanwa, musamman ungurnu ta bakin tafkin Chadi, da mangul na ƙasar Manga. Su kawo goro da tufafin Kano, su koma da jakuna niƙi-niƙi da kanwa. Tsakanin Kano da nan kusan kilomita 600 ne, kuma a ƙafa ake yin su. Wasu ma ba ciniki ya kawo su ba, hanyar Makka ce ta biyo da su za su ƙetara Fort Lamy zuwa Sudan, guzuri ya ƙare, aka tsaya neman na gaba, aka yi aure, har yau jikokinsu ba su kai ko Dikwa ba. Jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964. Kun ga ke nan mutanen da suka kafa mu a nan ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, rayuwar ce gaba ɗaya motsi. Namiji yana dako ko fatauci, mace tana surfe da daka da jan guga. Yara kuma ga langa, samari ga kokawa da dambe bayan kaka.

Abincinsu gero ne da dawa. Da suka zo sai suka tarar da masakwa, dawar nan da ake dasawa a firgi bayan ruwa ya janye, suka koyi burabusko wurin Barebari masu masaukinmu, suka haɗa da tuwo da miyar kuka da kuɓewa da yakuwa. Kifi banda daga tafki yana zuwa buhu-buhu, arha kamar banza. Da safe kunun tsamiya, da rana fura da nono. Yau likitoci suna cewa hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, da ganye, su ne ke sa hanji ya yi aikinsa, mutum ya fita bayan gida ba tare da yunƙuri ba. Tsofaffinmu ba su san wannan bayani ba, sun dai san cewa in ciki ya ɗaure a jiƙa tsamiya, in ya kumbura a jiƙa kanwa. A makarantar Islamiyya ma malamanmu sun karantar da mu a raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, ko da yake a gidan biki ba mu cika tuna wannan darasi ba.

Sai dai kada mu yi wa da ƙarya. Akwai masu cewa mutanen da ba sa ciwo. Ina! Ku tambayi kowace gyatuma a unguwar nan 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu. Za ta ce goma, ta ce biyar suka tsaya. Sauran yawanci zawo ne ya tafi da su lokacin yaye, ana cewa haƙori ne ko maye. Ita kanta kanwar da muke taƙama da ita tana da nata laifin. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura mata masu jego suna zuwa da kumburin jiki da ciwon zuciya, da aka bi diddigi sai aka ga abin yana da alaƙa da yawan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, in ta yi yawa tana tara ruwa a jiki, zuciya ta kasa. Mu jikokin masu sayar da ita ne, amma gaskiya ɗaya ce: ɗan ƙanƙane a miya ko wake daban, kofi-kofi ga mai jego har kwana arba'in daban.

Babban abin da ya girgiza mutane shi ne amai da gudawa, wato kwalara. Wannan zagaye nata ya taso ne daga Indunusiya a 1961, ya shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970, ya iso Nijeriya ƙarshen wannan shekara. A 1971 an lissafa mutum wajen 23,000 da suka kamu a ƙasar nan, kusan 3,000 suka rasu, kuma yankin tafkin Chadi yana cikin inda ta fi ɓarna. Da yawanmu lokacin muna goye ko ba a haife mu ba, amma iyayenmu sun ba mu labari: mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar an kai shi. Har sunanta ba a son kamawa. Ta 1991 kuwa da idonmu muka gani. A wannan shekara mutum fiye da 59,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 7,600 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu.

Abin da ya sa take kisa da sauri haka shi ne ruwan jiki take tsiyayewa. Ƙwayar cutar tana shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, ta zauna a hanji ta sa shi zubar da ruwa kamar an buɗe famfo, gudawar fara kamar ruwan wankin shinkafa. Ido ya faɗa, fata ta yamushe, jini ya kasa zagayawa. Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne hana mai gudawa ruwa, wai don ta tsaya. Ashe da hannunmu muke taya ta.

Maganin da ya juya lamarin ba daga kantin magani ya fito ba, yana kan teburin kowane mai shayi. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladesh da ke Indiya, ruwan ƙari ya ƙare wa wani likita mai suna Dilip Mahalanabis, sai ya sa a riƙa dama gishiri da sukari ana ba majiyyata, mace-mace suka sauko daga kamar 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Hikimar ita ce hanjin mai gudawa ba ya riƙe gishiri shi kaɗai, amma in da sukari, sukarin yana jan gishirin ya ratsa, ruwa kuma ya bi su. A nan gida, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka yi ta shelarsa a rediyo da ɗakunan shan magani har yara suka haddace. Mun tuna yadda wasu dattawa suka yi dariya, wai yaushe kayan shayi ya zama magani. Ba a daɗe ba suka daina dariyar. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na gida shi ne lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri don a ce ya fi ƙarfi, yana iya illata yaro. In akwai na ƙunshi da ake sayarwa a kemis ya fi, kuma tun 2004 ake haɗa wa yara da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Wannan na riƙe rai ne a hanya, ba ya hana zuwa asibiti in aman ya ƙi tsayawa.

Akwai wani bincike da aka yi a garin nan wanda duniya ta sani, mu da aka yi a kanmu ba mu sani ba. Shekara da shekaru mun ɗauka gyambon ciki, olsa, yunwa ce da yaji da tunani ke kawo shi. A 1982 wasu likitoci biyu na Ostireliya, Marshall da Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi, ita ce tushen yawancinsa. A farkon shekarun 1990 wani likita mai suna Holcombe da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri suka auna jinin mutanen yankin nan, suka tarar kamar 85 cikin 100 suna ɗauke da alamarta, yawanci tun suna yara suka kwasa. Ba kowa take kwantarwa ba, amma wanda ta kama, madara da kanwa da farin maganin nan na kwalba lallashi kawai suke yi. Ana iya gwadawa, a ba da magani na mako biyu a kashe ta. Mun san 'yan kasuwa nawa da suka shekara goma suna fama, suna saye-sayen jiƙo a bakin tasha, ba wanda ya taɓa gaya musu haka.

Sannu a hankali kuma kwanonmu ya canza. Farin 1973 da na 1984 suka janye tafki, kifi ya yi tsada. Kuɗin fetur ya kawo farar shinkafa da burodi da lemon kwalba, daga baya taliyar yara da dunƙulen ɗanɗano suka mamaye tukunya. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, acaɓa ta karɓi aikin ƙafa, har mutum ya hau babur daga rumfarsa zuwa masallacin Juma'a. Mu 'yan kasuwa abin ya fi ci, domin daga safe zuwa magariba muna zaune a kan benci ɗaya, shayi mai sukari cokali huɗu yana bin wani. Teɓa ta zama alamar rufin asiri. Hawan jini da ciwon sukari da basir, waɗanda da sai jefi-jefi, suka zama abin gaisuwa. Samari suna cika filin wasa kallon El-Kanemi Warriors, da ta ɗauko kofin ƙalubale a 1991 da 1992, ta sake a 2024, amma kallo ba ya sa gumi. Wani abin mamaki, da gwamnati ta hana babur a Maiduguri a watan Yulin 2011 saboda fitinar da muka shiga, dole ta sa da yawanmu muka koma tafiyar ƙasa da keke. Mun yi ta ƙorafi, amma akwai waɗanda suka ce gwiwarsu ta saki a watannin nan. Da Keke Napep ta yawaita muka koma gidan jiya.

Fitinar nan ta jawo abin da ya fi wannan nauyi. Ƙauyukan da ke noma mana gero da wake suka watse, mutanensu suka cika gari, gidan da aka gina don mutum goma ya ɗauki talatin a kan masai ɗaya. A watan Agustan 2017 kwalara ta ɓulla a sansanin Muna Garej, aka bi mutum wajen 900,000 a jihar da rigakafin da ake sha ta baki. Wasunmu sun ƙi karɓa da farko, sai da masu unguwa da limamai suka sha a gaban jama'a.

Yanzu sai maganar da ta fi shafarmu, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Unguwarmu da kasuwarmu a gefen kogin Ngadda suke. Shi ke shayar da lambunan da muke sayen latas da kabeji da tumatir, kuma shi ke kwasar duk ƙazantar da magudanan gari suka zubo. Da rani in ya tsaya ya zama kududdufi, kowa ya san akwai masu wanke karas da ganye a ciki don kaya su yi sheƙi. Mun gani, mun kau da kai, don mai yin ɗan wane ne. Jarkokin 'yan ga-ruwa kuma akwai waɗanda tun da aka saye su ba su ga sabulu ba. Tun ruwan 1994, da madatsar Alau ta ɓalle ta shafe mu, ya kamata a ce mun ɗauki darasi. Shekara talatin cif bayan nan, daren 9 ga Satumba wayewar 10, 2024, ta sake ɓallewa. Ruwa ya haɗa masai da rijiya da buhunan hatsi ya dama, ya shiga kasuwarmu da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Farkon watan Oktoba gwamnatin jiha ta ba da sanarwar kwalara ta dawo.

Abin da muka lura da shi a wannan karo shi ne mata sun riga mu shiri. A wuraren da aka tsugunar da mutane, uwa tana ganin yaro ya fara zawo za ta nemi ƙunshin gishiri da sukari, ba ta jira a ce mata. Waɗanda suka haddace shelar rediyo suna 'yan mata, su ne kakanni yanzu. Mu maza kuwa, da ruwa ya janye, abin da ya fi damun wasunmu shi ne yadda za a shanya shinkafa da waken da suka jiƙe da wannan ruwa a mayar kasuwa. Akwai waɗanda suka ji tsoron Allah suka zubar da nasu, suka ɗauki asarar. Akwai kuma waɗanda suka shanya suka sayar.