Furen Usambara Mai Gudun Rana

Yau za mu leƙa Tanzaniya, mu bi sawun wani ɗan ƙaramin fure mai launin shunayya da ganye mai gashi-gashi, wanda masana suka raɗa wa suna Saintpaulia.

Asalinsa duwatsun Usambara ne. A can yana fitowa a tsagar dutse, gefen rafi, ƙarƙashin manyan itatuwan da ba sa barin rana ta sauko ƙasa. A 1892, lokacin da Jamusawa ke mulkin yankin, jami'insu na Tanga, Walter von Saint Paul-Illaire, ya ci karo da shi, ya aika wa mahaifinsa irin a Jamus. Daga nan irin ya isa hannun Hermann Wendland na lambun Herrenhausen da ke Hanoba, wanda ya raɗa masa suna a 1893. 'Yan ƙabilar Shambaa sun daɗe da zama a duwatsun nan kafin zuwan Bature, amma sunan baƙo aka liƙa wa furen.

Abin da ya ɗaukaka shi kuwa, gudun ranar nan ne. Yawancin furanni sai da rana suke buɗewa, shi kuma hasken taga ya ishe shi, ga shi yana shekaru yana fure. Ganye guda aka tsinka aka soke a ƙasa mai laima, sai ya yi saiwa ya fito da 'ya'ya. A 1936 kamfanin Armacost & Royston na Los Angeles ya fitar da nau'i goma kasuwa, cikinsu har da Blue Boy. Zuwa 1946 masoyansa a Amurka har sun kafa ƙungiya.

Ga mai son gwadawa cikinmu: tukunya ƙarama mai huji, a inuwar baranda ko gindin bishiya. A zuba ruwa a gindi, domin ruwan sanyi kan bar tabo a ganyen.

Sai dai a gida Usambara labarin ya sha bamban. An sare daji don katako, an share wani don gonakin shayi. Da zarar an buɗe wa rana hanya, dutsen ya bushe, furen ya ƙone. Yanzu wasu nau'o'insa na daji suna cikin jerin tsirran da ke gab da ɓacewa, alhali 'yan uwansu sun cika shagunan Turai. A 1997 gwamnatin Tanzaniya ta keɓe gandun Amani, inda har yau ake samunsa a jikin duwatsun rafi.