Gidan Madaki na Kafin Madaki: Aikin Babban Gwani a Ƙasar Bauchi

Gidan Madaki yana garin Kafin Madaki, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, kimanin kilomita 45 arewa da birnin Bauchi a kan hanyar Ningi. An gina shi wajejen shekarar 1860, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, domin Madakin Bauchi na lokacin. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, mutumin Zazzau, wanda aka fi sani da Babban Gwani. A shekarar 1956 gwamnati ta sanya gidan cikin wuraren tarihi na ƙasa, yana cikin na farko da suka sami wannan matsayi a Nijeriya.

Sunan garin ma tarihi ne. Kafi shi ne gari mai kariya daga hari, kuma a ƙarni na 19 Bauchi ta daɗe tana gwabzawa da Ningawa a wannan yanki.

Abin da ya kamata baƙo ya fara dubawa idan ya shiga shi ne rufin. Babu siminti, babu ƙarfe. Da tubalin ƙasa aka tayar da bango mai kauri, sannan aka jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ana ɗora wata a kan wata tana ɗan zarcewa, ana ɗaurewa, ana lulluɓewa da laka, har baka ya tashi daga bango ya tarar da ɗan'uwansa a tsakiya. Waɗannan bakuna su ke ɗauke da nauyin soron. Azara ɗaya ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi ba tare da ta lanƙwashe ba. Dabarar bakan ce ta ba magina damar yin babban ɗakin taro. Kaurin bangon kuma shi ke sa ciki ya yi sanyi ko da tsakar rana a bazara.

Sai dai ginin ƙasa kullum yana neman hannu. Idan damina ta wuce ba a sabunta yaɓe ba, ko indararo ya toshe, ruwa kan ratsa rufi ya ruɓar da azara. Maginan da suka iya wannan gyara kuwa raguwa suke yi, tunda aikin bulo ya janye matasa.

Mai niyyar ziyara zai fi jin daɗin tafiya da rani. Wuri ne na sarauta, saboda haka akan fara da gaisuwa, a nemi izini kafin shiga ko ɗaukar hoto.