Karatu a Bayyane da Ƙwarewar Yara: Matsalar Karin Sauti a Rubutun Boko

Tsakure

Maƙalar ta duba amfanin karatu a bayyane wajen kai yaro matsayin da zai karanta Hausa ba gargada. Hujjarta ita ce, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, yaron da ke koyon Hausa yana buƙatar jin muryar gwani fiye da yadda ake zato.

Gabatarwa

A 1974 LaBerge da Samuels suka nuna cewa hankalin mai karatu yana da iyaka. Idan ya ƙare wajen haɗa baƙi da wasali, babu abin da zai rage wa ma'ana. A kan haka Samuels ya gina dabarar maimaita karatu a 1979: yaro ya karanta gajeren nassi sau da yawa har harshensa ya faɗa. Rahoton Kwamitin Karatu na Ƙasa na Amurka na 2000 ya ƙarfafa wannan, matuƙar akwai mai sauraro da ke gyara. Amma a kan Ingilishi aka yi mafi yawan waɗannan nazarce-nazarce, kuma ciwon Hausa daban ne.

Inda gizo ke saƙa

Haɗa baƙi a Hausa bai cika wuya ba, domin kusan kowane harafi sautinsa ɗaya. Wahalar tana gaba. A duba wannan jimla: "Me kuka gani a gindin kuka har yaro yake kuka?" A ido kalma ɗaya ce sau uku, a baki kuwa uku ne: ta farko gajerun wasula, ta biyu kari ya sauka a ƙarshe, ta uku ya tsaya sama. Haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, tsawon wasalin farko kaɗai ya raba su. Yaro ɗan aji biyu zai iya furta ku-ka daidai, gaɓa-gaɓa, ya kai ƙarshen layi bai san an yi maganar itace ba. Sai ya hango kalmomin da ke gaba kafin ya zaɓi kari, wannan kuwa ba a koyonsa daga jadawalin ba-be-bi-bo-bu. Ana koyonsa ne idan malama ko uwa ta karanta, yaro yana ji, idonsa na kan layin.

Biyawa da amshi

A nan dole a rarrabe abu biyu. A azuzuwanmu da yawa malam ya faɗi jimla, aji ya ɗauka da ƙarfi har a jiyo daga titi, alhali rabin idanun na kan taga, littafi ɗaya kuma yara huɗu ke leƙensa. Wannan amshi ne, kuma abin takaici yakan ɓoye wanda bai iya ba har shekara ta ƙare. Makarantar allo ta riga mu gane gyaran: malam yana biya wa almajiri shi kaɗai, yatsa na bin rubutu, sannan almajiri ya maimaita a saurare shi. Littattafan Mu Karanta! a Bauci da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun sa littafin Hausa a hannun yara. Abin da ya rage shi ne kowane yaro ya samu ko da minti biyu yana karantawa wani na saurare.

Batun awo

Gwajin EGRA, wanda aka fara tsarawa a 2006, yana ƙirga kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Ga Hausa, marubucin wannan maƙala na ganin a riƙa ƙirga kurakuran kari da na tsawon wasali daban. Yaron da ya mayar da garin zama garin tuwo bai fahimci jimlar ba, kome saurinsa, kuma ya kamata takardar maki ta nuna hakan.